Mai son tseren keke a duwatsun Mandara ya fara ɗaukar fartanya

Ni dai ina cikin masu goyon bayan samarin nan namu da suka ɗauko harkar hawan dutse da keke, gara in faɗa tun yanzu kar wani ya karanta rabi ya ce ga wani ya zo kashe wa yara gwiwa. Duk wanda yake Marwa ya san abin da nake nufi, ranar Lahadi da sassafe zaka gansu rukuni-rukuni da kekunan gwanjo masu ƙaton taya ɗin nan da 'yan boko ke cewa VTT, wani da hular kwano wani ko silifa ne a ƙafarsa, sun nufi dutsen bayan gari ko hanyar Mindif, masu ƙarfin hali kuma su ɗora kekunan a saman mota har Mokolo su shiga cikin duwatsu. Yanzu kuma zancen da ake ta yi a majalisa da cikin WhatsApp shine a haɗa tsere na gaske, a sa kuɗin rajista, a samo kofi, a gayyato mutanen Garwa da Ngaundare har da na Njamena. Madalla wallahi. Yaron da zai tashi bayan sallar asuba ya je ya zubar da gumi a kan dutse ya fi min wanda ya kwana yana haɗiyar tramol sau dubu. Amma akwai tambayar da banji ana yinta ba, kuma ita ce ta hana ni yin shiru: hanyar da za a yi tseren nan a kanta, ta waye, kuma wa yake gyara ta?

Mu mutanen gari mun saba in munga hanya a daji mu ɗauka haka Allah ya yi ta. To a Mandara ba haka bane. Duwatsun nan sun miƙe kusan kilomita 200 a kan iyakar Kamaru da Najeriya, mafi tsawonsu Upay ya kai mita 1,494, kuma kusan duk inda idonka ya kai a ƙasar ƙabilar Mafa hannun mutum ya taɓa shi. Gonakin nan da ake jera duwatsu hawa-hawa don tare ƙasa kar ruwa ya kwashe ta, kakanni ne suka fara, jikoki suke ci gaba da ɗorawa duk shekara. Hanyar ƙafa da ta ratsa tsakaninsu ita ma haka take. A Sukur can ɓangaren Najeriya har shimfiɗa duwatsu suka yi a hanyar hawa, kuma yana cikin abin da ya sa UNESCO ta saka wurin a jerin kayan tarihin duniya a 1999, namu na Diy-Gid-Biy, tsofaffin gine-ginen dutse da ke wajen Koza, shima ya shiga a 2025. Wato abin da muke takawa da tayar keke muna ihu muna ɗaukar bidiyo, gadon wasu mutane ne, kuma har gobe da shi suke rayuwa. Ta nan mace take sauko da tulu, ta nan ake kai mara lafiya asibiti a kan gadon kara, ta nan jaki yake hawa da buhun dawa, ta nan yara suke zuwa makaranta.

Na taɓa tsayawa na ga yadda ake gyaran irin hanyar nan bayan damina a wani ƙauye tsakanin Mokolo da Koza, kuma abin ya zauna min a rai. Ruwa ya yanke wani lungu, ya bar rami da zai kai gwiwar mutum. Wani dattijo da baifi ƙashi da fata ba shine yake nuna inda za a sa kowane dutse, baya ɗaga murya, da sandarsa kawai yake nunawa. Samari suna mirgino manya, mata suna kawo ƙanana da tsakuwa a kwando. In an ajiye dutse sai ya hau kai da ƙafa ɗaya ya girgiza, in ya motsa ko kaɗan ya ce a ɗaga a juya shi, a tura ƙaramin dutse ta ƙarƙashi. Abin da ya fi bani mamaki, basu fara da cike ramin ba, sai da suka hau sama kaɗan suka haƙa 'yar magudana a karkace wadda zata kauda ruwa daga hanyar ta zuba shi gefe, sannan suka dawo kan ramin. Ba injiniya, ba kwangila, ba wanda ya biya su ko dala.

To yanzu ka kawo keke talatin ko hamsin su gangaro ta wurin nan da gudu. Mai keke in ya tsorata a gangara abin da yake yi shine ya damƙe birkin baya, taya ta daina juyawa ta dinga jan ƙasa, tana kankare saman hanya tana ture ƙananan duwatsun da aka cusa. Ɗaya ya yi, na bayansa ya bi sawunsa, kafin a tashi an bar ɗan layi a tsakiyar hanya wanda ko lura dashi baza ka yi ba a rani. Sai ruwan Agusta ya zo. Ruwa kuwa inda ya samu layi nan yake bi, yana bi yana zurfafawa, layin nan ya zama kwazazzabo. Mu da muka ga yadda ruwa ya karya gadar Palar a 2020 a nan Marwa, gada ta siminti da ƙarfe, bai kamata a tsaya ana mana bayanin abin da zai yi wa hanyar ƙasa a jikin dutse ba. Ga kuma masu yanke kwana, wanda don ya riga abokinsa sai ya bar hanya ya faɗa ta cikin gona ya rushe jeren dutsen da wani ya kwana biyu yana ɗorawa. Mu mun koma gari da hotunanmu, su kuma an bar musu aiki.

Kuma wannan rigimar ba a kanmu aka fara ba. Wasan nan a Amurka aka haife shi, a yankin Marin na jihar Kalifoniya, inda wasu samari irin su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly suka dinga gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa daga dutse, har suka fara tseren da ake kira Repack a 1976. Abin ya karɓu, kamfanoni suka shigo, zuwa 1981 an fara ƙera irin keken da yawa ana sayarwa a shago. Sai me ya biyo baya? Masu tafiya a ƙafa da masu dawakai suka fara kuka, an lalata musu hanya, ana tsorata su a kwana, hukumomi suka fara kafa allo suna rufe hanyoyi ɗaya bayan ɗaya. Da masu keken suka ga za a kore su gaba ɗaya shine ƙungiyoyinsu na Kalifoniya suka haɗu a 1988 suka kafa IMBA, ƙungiyar masu keken dutse ta duniya, kuma babban abin da ya cece su shine sun ɗauki diga da shebur sun koma suna gyaran hanya da hannunsu kyauta, suna koya wa 'yan uwansu ladabin hanya. Daga baya ne wasan ya samu gasar duniya ta farko a Durango ta Amurka a 1990, ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996. Yaranmu suna kallon bidiyon masu tsalle a YouTube, amma ba a cika nuna musu ranar Asabar ɗin da mutanen nan suke fitowa da baro da safar hannu ba.

Abin da zai baka sha'awa, ƙa'idojin da suka rubuta a littattafansu na gyaran hanya kusan duk dattijon can na wajen Koza ya sansu. Sun ce kar hanya ta miƙe sak daga sama zuwa ƙasa, ta dinga ratsa jikin dutse a karkace, kuma gangarar hanya kar ta wuce rabin gangarar dutsen da take kai, in dutsen yana sauka kashi 20 cikin ɗari hanyar kar ta wuce 10. Sun ce a ɗan karkata fuskar hanya waje don ruwa ya tsallake ta ya wuce, a dinga sa ɗan tudu da ɗan kwari a kai a kai don ruwa ya samu mafita kafin ya tara ƙarfi. Sun ce kar a hau hanya tana jiƙe. To wannan ilimin yana nan a ƙauyukanmu ba sai an kawo mana shi daga waje ba, abin da ya rage mu sauke kai mu je mu koya a wurin masu shi.

Shi ya sa ra'ayina shine duk wanda zai sa sunansa a tseren nan, a ɗora masa sharaɗi tun a takardar rajista: sai ya yi yini guda na aikin gayya a kan hanyar kafin tsere, ya kuma dawo wani yinin bayan tsere. Wanda bai zo ba ba lamba, ko ɗan waye, ko kekensa na sefa dubu ɗari biyar ne. Kuma kar a ce mai kuɗi ya biya a yi masa, don in aka buɗe wannan ƙofar to 'ya'yan talakawa ne kawai zasu riƙe fartanya, kuma an rasa rabin amfanin abin. Mutumin da ya ɗauki dutse da hannunsa ya ga yadda ake wahala kafin ya zauna daram, ba sai an ce masa kar ya ja birki a wurin ba. Gayya kuwa ba baƙon abu bane a wurin Bahaushe, da ita aka yi noma aka yi rufin ɗaki aka yi yasar rijiya. Mutanen Ruwanda da ake ta yabawa a harkar keke, waɗanda suka kai Adrien Niyonshuti tseren keken dutse a Olamfik na Landan a 2012, suka kuma karɓi baƙuncin gasar duniya ta keken titi a Kigali a 2025, ai su ne dai masu fitowa aikin gari ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata. Mu kuma Manzon Allah (SAW) ya gaya mana kauda abin cutarwa daga hanya sadaka ce, me muke jira.

Yanzu bari in zo inda na san za a yi min ca. Da na faɗi wannan maganar a majalisa wani ƙanina cewa ya yi, Yaya ai ka san mutanen dutse in sun gama gayya bil-bil, wato burkutu, suke sha, ya za a yi mu shiga cikinsu? Kuma gaskiya ne, ba ƙarya ya yi ba. A ƙauyuka da yawa na Mafa da Kapsiki da sauransu, mai kiran gayya da tulun burkutu yake sallamar mutane, haka ake yi a biki da makoki da bukin girbi. Mata ne suke dafawa a gida. Ana jiƙa jar dawa, a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya ta bushe, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa, a barta ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa awowi a manyan tukwane, ta huce a zuba mata abin tashi daga ta baya, kashegari ta tashi. Bata daɗewa, kwana ɗaya biyu ta lalace, shi ya sa ranar da aka yi ranar ake shanyewa. Mata da yawa da wannan sana'ar suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, a ƙauye da kuma nan cikin gari, duk wanda ya san unguwar Domayo ya sani.

Ni Musulmi ne, bana sha, bana saye, bana ba wani kuɗi ya saya, kuma babu wani kwana-kwana a hukuncinta, haramun ce. Bazan ce wa yaron kowa ya zauna a inda ake zagayawa da ƙwarya ba. Amma don Allah a duba, aikin daban shan daban. Ana fara aiki da sanyin safiya a tashi wajen azahar, ƙwarya bata fitowa sai an ajiye kayan aiki. Me zai hana mu yi aikin tare, in an gama mu yi musu godiya su yi mana, mu koma gindin wata bishiyar da kununmu da shayinmu da ƙosai mu yi sallah mu kama hanya? Haka muke yi dasu a kasuwar Mokolo ranar Laraba, haka muke yi a wurin auduga, haka muke zama aji ɗaya a makaranta, ba wanda addininsa ya zube. Sai da aka zo maganar ɗaukar dutse ne za a tuna da bil-bil? Lokacin da muke gangarowa ta ƙofar gidajensu muna watsa musu ƙura bamu ce ƙauyen masu burkutu bane baza mu shiga ba. In hanyar ta halatta mu hau, to ta halatta mu gyara.

Kuma akwai abin da ya kamata mu faɗa wa junanmu ko ba daɗi. Tsakanin mutanen dutse da mutanen ƙasa akwai tsohon miki. Mutanen nan da yawansu tsoron masu kamun bayi ne ya riƙe kakanninsu a saman duwatsu, kuma ba tatsuniya bace, Hamman Yaji, sarkin Madagali na wancan lokacin, da kansa ya bar rubutu tun daga 1912 yana lissafa hare-haren da ya tura da mutanen da aka kamo. Har yau akwai sunayen raini da wasunmu suke kiransu dasu ba tare da sun ji komai ba. To ka yi tunanin yadda dattijo a can zai ji in ya ga 'ya'yan mutanen gari sun zo sun yi wasa a hanyarsa sun tafi ko sannu babu, sannan ka yi tunanin yadda zai ji in ya gansu sun zo da diga suna tambayarsa Baba ina za a sa wannan. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa dalili, ko da ba a yi tseren ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, bana so a kwaso mana al'adar Turawa dungurungum. A can harkar keken dutse da barasa kusan tare suke tafiya, an gama tsere ko gyaran hanya sai a buɗe kwalabe, wasunsu ma a Amurka a gida suke dafa tasu tun da shugaban ƙasar Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta musu haka a 1978. Wannan nasu ne. Inda abin zai iya shigo mana shine ta wurin masu ɗaukar nauyi, don a Kamaru kowa ya san in ana neman kuɗin wasa ƙofar kamfanin barasa ake fara bugawa, tseren hawan Dutsen Kamaru na Buea ma da aka fara a 1973 da sunan Guinness ya taso. Ni ban yarda a yi haka a namu ba. Tseren da yawancin masu shiga yara ne 'yan sha bakwai sha takwas, ba wurin kafa tutar barasa bane, kuma iyaye da yawa zasu hana 'ya'yansu in suka ga haka, ni ma zan hana nawa. Haka ranar tsere kar a bari a kafa rumfar bil-bil a bakin hanya, balle arki, barasar nan mai ƙarfi da ake tacewa a gida, wanda shi kam ko masu shan burkutun sun san abin da yake yi wa mutum. Mai maye ɗaya ya ratso hanya a gangara ya isa a kwashi gawa. Wannan magana ce da za a zauna da jauro da lawan, masu sarautar ƙauye, a gama ta tun kafin ranar, cikin mutunci, kuma na tabbata zasu fahimta don suma 'ya'yansu zasu tsaya kallo. Masu shagon kayan keke, 'yan kasuwar hatsi, masu kamfanin ruwan leda, kamfanonin waya, duk ana iya nema. In kuɗin bai kai a sayi babban kofi ba a sayi ƙarami.

Wani abu kuma da zama tare zai bamu damar faɗa, dafa burkutu yana cin itace sosai, wuta ce ta awowi a ƙarƙashin manyan tukwane, kuma bishiyar da aka sare a jikin dutse ita ce da take riƙe ƙasar da hanyar take kai. Mu ma masu gashin nama da gidajen burodi da gawayin shayinmu muna cikin masu cinye dajin, don haka ba mai nuna wa wani yatsa. Amma in ana aiki tare ana iya cewa duk lungun da aka gyara a dasa bishiya biyu uku a samansa, a samu wanda zai dinga ba su ruwa har su kama. Daga nesa kana wucewa da gudu baka isa ka kawo wannan shawarar ba.

Akwai masu cewa gyaran hanya aikin gwamnati ne, aikin magajin gari ne, muna biyan haraji. Haka ne, kuma a ci gaba da matsa musu a kan manyan hanyoyi, wanda ya bi hanyar Mokolo zuwa Rumsiki ya san akwai abin faɗa. Amma hanyar ƙafa mai faɗin kamu biyu a saman dutse, ba katafilar da zata hau can, tun fil azal masu bin ta ne suke gyara ta, yanzu kuma mun shiga cikin masu bin ta. Akwai kuma masu cewa ina ake ta keke ana fama da tsaro. Wannan ba abin wasa bane, tun da aka sace iyalin Faransawan nan su bakwai a wajen Waza a 2013 baƙi suka ɗauke ƙafa, masu rakiya da masu masauki a Rumsiki, ƙauyen da masu yawon buɗe ido suka saba zuwa, suka shiga wani hali, kuma har yanzu akwai ƙauyukan bakin iyaka a Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava da ba mai hankalin da zai kai yara can. Sai a zaɓi wurin da yake lafiya, a sanar da hukuma da jandarmomi, a ji shawararsu. Amma a nan ma wanda zai fara gaya maka yau kar ku bi ta can, mutumin ƙauyen ne, kuma wanda ya sani yake gaya wa.

Lokaci kuma a lura dashi. Daga Yuni zuwa Satumba a bar duwatsu su huta, ƙasa a jiƙe take kuma amfanin gona yana tsaye har bakin hanya. Oktoba da Nuwamba mutane suna girbi, hanya cike take da masu kaya a ka da jakuna, kuma sai an kai amfani gida sannan ake samun sukunin kiran gayya, to a lokacin ne ya kamata samarinmu su tambayi ranar su je da digarsu da sheburinsu, su ɗan haɗa goro da sukari na gaisuwa. Tseren kuma a sa shi a Disamba ko Janairu da sanyi, ba ranar kasuwa ba, a tsayar da mutum a kowace kwanar da ba a ganin gaba, a kuma ware wani kaso na kuɗin rajista a damƙa wa ƙauyen a gaban jama'a don sayen kayan aiki. Yaran ƙauyen da suke da keke su shiga kyauta, don wasu daga cikinsu da tsohon keken kai niƙa zasu ba 'yan gari mamaki a hawan nan.